Littafin aikin 504: ɗora mashigar iska ta faiba a kan bonet

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mashigar iskar da na yi oda, wato ɗan murfi mai buɗaɗɗen baki da ake ɗorawa a kan bonet don iska ta shiga, ta iso Kaduna. Ta faiba ce, wato zaren gilashi da aka haɗa da rezin, wani ruwan gam mai daskarewa, baƙa ce, tsawonta santimita 60, faɗinta 38, bakinta kuma ya ɗago santimita 5. An kwaikwayo siffar wadda Ford ya ɗora wa Mustang Mach 1 a 1969, aka ɗan rage mata girma. Motar da za ta hau Peugeot 504 ce ta 1980, haɗin Kakuri, da injinta na asali mai 1971cc da kafireto ɗinsa. PAN, masana'antar Peugeot da ke Kakuri, ta fara haɗa motoci a nan garin a 1975, ba ta daina haɗa 504 ba sai 2006, shi ya sa kayanta ba sa yi mana wuya, haka ma masu iya taɓa ta.

Gara in faɗi abin da nake nema tun yanzu. Na farko dai siffar nake so. Tun ina yaro nake ganin irin wannan hanci a hotunan motocin Amurka, raina yana biyawa. Na biyu, so nake kafireto ya riƙa shan iskar waje maimakon wadda ta ratso lagireto ta kwaso zafi. Iska idan ta huce da digiri 10, nauyinta yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100, wato abin da ke shiga silinda ya ɗan ƙaru ke nan. Maganar da ake yi cewa gudun mota zai cusa iska cikin inji da ƙarfi kuwa, lissafi bai goya mata baya ba. A gudun kilomita 100 cikin awa, matsin da iskar ke kawowa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na matsin iskar da ke kewaye da mu ba. Wanda ke neman motar tsere, ba ta nan zai same ta ba.

Bonet ɗin asali ba zan taɓa shi ba. Na samo wani a kasuwar Panteka, ƙarfensa lafiya, sai 'yar tsatsa a leɓen gaba da lotsawa ɗaya ta hagu. Shi za a yanka. Na asalin zan naɗe shi da bargo in jingine a sito, duk ranar da na so mayar da motar yadda ta fito daga kamfani, aikin kwance noti ne kawai. Motar da ta kai shekara 45 ba a yi mata yankan da ba a iya gyarawa.

Asabar, 18 ga Janairu

Kafin samfefa ta taɓa faiba sai an wanke shi. Masu yin sa suna shafa kaki a cikin mazubin don ya saki, kakin nan kuma yana biyo shi. In ka fara gogawa ba ka wanke ba, ka tura kakin cikin karcen samfefar, gam da fenti ba za su ƙara kama wurin da kyau ba. Na wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, na bi da maganin cire maiƙo da tsumma mai tsabta.

Da na ɗora ta a kan bonet ɗin Panteka sai na ga ba ta zauna ba. Gaba ya kwanta, kusurwar baya ta hagu ta ɗaga da kamar milimita 4, yatsa na danna ta sai ta yi rawa. Ba abin mamaki ba ne, an yi ta ne don shimfiɗaɗɗen wuri, bonet kuwa yana da ɗan doro. Ba zan gyara wannan yanzu ba. Sabon faiba bai gama nuna ba, yana ci gaba da tsukewa da motsi in ya sha zafi, don haka na ɗora ta a kan bonet ɗin a tsakar gida, na danne da ƙananan buhunan yashi, ta sha rana ta yi duk motsin da za ta yi kafin in fara auna ta.

Asabar, 25 ga Janairu

Gaba za ta kalla ko baya? Tambayar ta fi yadda ake zato nauyi.

Na yanka zaren saƙa guntu-guntu, na manna a layi a tsakiyar bonet ɗin da ke jikin motar, daga hanci har gindin gilashi, muka hau hanyar Zariya, ɗana yana ɗauka da waya ina tuƙi. Zaren da ke gaba da tsakiya ya kwanta luf yana kallon baya. Na kusa da gilashi kuwa sai kaɗawa yake, wasu ma sun juyo suna kallon gaba. Iska ce ke cin karo da gilashin ta taru a gindinsa. Wannan matsin ne Chevrolet ya yi amfani da shi a Camaro ta 1969 da Chevelle ta 1970, ya buɗe bakin mashigar ta baya, inji yana zuƙa daga gindin gilashi.

Dabarar ta burge ni, don baki mai kallon baya ba ya kwasar ruwa da ƙura kai tsaye. Amma a 504 iskar da ke shiga ɗakin fasinja ma daga gindin gilashin take shiga. In mota ta tsaya a cunkoso kuma wani abu ya saki a ƙasa, zafin inji da warin fetur za su fito daidai wurin da muke shaƙa. Ban yarda da wannan ba, ina ɗaukar iyali a motar nan. Gaba za ta kalla, a tsakiyar bonet inda zaren ya kwanta.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba a wasa da shi. Bakin da ke kallon gaba, in aka bar shi yana zuba iska haka kawai cikin ɗakin inji, yana tara matsi a bayan lagireto. Lagireto kuwa yana huce ruwa ne saboda matsin gabansa ya fi na bayansa. Ka ga mutum ya huda bonet don inji ya huce, allurar zafi ta ƙara hawa. Saboda haka duk iskar da ta shigo sai an kama ta a faranti, an bi da ita ta tiyo zuwa matatar iska, kada ko kaɗan ta zube a gefe.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kai bonet da mashigar wurin Baba, tsohon fanalbitan da ya yi min jikin motar. Tun 504 tana sabuwa yake bugun ƙarfenta, tafin hannunsa yana jin lotsawar da ido bai gani ba. Ya juya mashigar, ya ƙwanƙwasa ta da farce.

"Alhaji, ka bar min ita in liƙe, in shafe gefen da fila. Ba wanda zai ce ba haka ta fito daga kamfani ba."

"Baba, hannunka ban taɓa shakkarsa ba. Rana nake tsoro."

Ga abin da nake nufi. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, faiba ma haka, amma ba tafiyarsu ɗaya ba. Irin wannan faiba da ake yi da rezin da tabarmar zaren gilashi yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe. Ɗauki sanyin asubar hunturu, ka kwatanta da bonet da ya sha ranar Afrilu ga inji yana gasa shi ta ƙasa, bambancin zai kai digiri 50 ba wuya. A tsawon santimita 60, ƙarfen zai ƙaru da wajen milimita 0.36, faiban ya nemi ninka haka. Ratar ba ta kai rabin milimita ba, amma kullum sai an yi ta, safe a tsuke, rana a miƙe. Fila kuwa, ƙullun nan da fanalbita ke cike lotsawa da shi, busasshen abu ne, ba ya ba da kai. Ƙara da girgizar inji, da ramukan hanya, da bugun da bonet ke sha duk lokacin da aka rufe shi. Ƙarshenta siririn layi ya fito a fenti daidai mahaɗar, ruwa ya samu hanya, tsatsa ta fara cin ƙarfen a ƙarƙashin fila inda ba a gani. Rezin ɗin da ake sayarwa a kasuwa ma, na foliyesta, ba ya riƙe ƙarfe sosai tun asali.

Akwai gam na zamani da ake liƙa sassan jikin mota da shi, mai ɗan sassauci, wasu kuma suna dacewa da shi. Ko da shi ɗin, sau da yawa inuwar mahaɗar tana bayyana a fenti in rana ta buga. Su kansu kamfanonin da suka fito da wannan ado ba su shafe mahaɗa ba. Ta Mach 1 da kusoshi aka ɗaure ta, layinta a fili. Da Chrysler ya so babbar mashiga a Road Runner da Super Bee masu kafireto uku a 1969, sai ya yi bonet ɗin gaba ɗaya da faiba, aka riƙe shi da fil huɗu. Ko dai a yi duka da abu ɗaya, ko a ɗaure a bar kowanne ya yi motsinsa.

Baba ya saurara har na gama. Ya ce ya sha haɗa bamba da fila ba ta tsage ba. Gaskiyarsa, amma bamba ba ta kwana a kan inji. Muka yi yarjejeniya, tunda gani ya kori ji: ya yanko ƙarfen tsohuwar ƙofa, ya liƙa masa dogon guntun faiba da rezin, ya shafe da fila yadda ya iya, ya fesa baƙin fenti, muka jefa shi kan rufin kwanon garejin. Ni dai aikina da kusoshi zan yi, gwajin kuma ya zauna can ya ba mu amsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar awo. Mun ɗaura bonet ɗin Panteka a motar, muka daidaita ratar gefe da gefe tukuna, don layin tsakiya daga jikin mota ake ɗaukarsa, ba daga bonet ɗin da ke jingine a bango ba. Na ja zare daga tsakiyar zakin gaba zuwa tsakiyar gilashi, na sake aunawa daga gefen kowace fenda, na zana layin a kan tef.

Injin 504 a kishingiɗe yake, digiri 45, saboda haka babu abin da ke daidai tsakiya a ƙarƙashin bonet. Don in san filin da ke akwai, na mulmula yumɓu dunƙule-dunƙule, na ɗora a kan murfin inji da matatar iska da duk abin da ya taso, na rufa musu leda, na sauke bonet a hankali har ya kama. Da na buɗe kowane dunƙule ya baje daidai ratar wurinsa, na soka masa ƙusa na auna. Filin ya ishi faranti mai zurfin santimita 4, in an bar wa inji santimita 2 na rawar da yake yi a kan kujerunsa.

Ta ciki bonet yana da haƙarƙari na ƙarfe da ke hana shi lanƙwasa. Ramin zai faɗa tsakaninsu, santimita 20 da 14. Ya fi bakin tiyon girma nesa ba kusa ba, babu dalilin cin haƙarƙari ko ɗaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An yanka. Mun sauke bonet a kan tsohuwar katifa, na lulluɓe wurin da tef. Yaron Baba ya ɗauko giranda, na ce ya mayar. Giranda tana zafafa siririn ƙarfe ya yi tumbi, fanalbita kuma ya kwana yana nema ya dawo da shi. Kusurwoyi huɗun muka fara hudawa da mahuda mai faɗin milimita 25, sannan muka haɗa ramukan da zarton lantarki mai ƙananan haƙora, a hankali, mutum ɗaya yana danne ƙarfen kada ya yi karkarwa. Kusurwa mai kaifi nan tsaga take farawa, mai zagaye kuwa tana raba nauyin.

Baba ya bi bakin da fayil, sannan ya ɗan lanƙwasa leɓen ƙasa da guduma da maƙera ta hannu, milimita kaɗan, ya zagaye ramin. Na danna tsakiyar bonet da tafin hannu kafin ya yi da bayan ya yi, ƙarfin da wannan ɗan leɓe ya mayar wa wurin ya ba ni mamaki. Wannan ba ya cikin tsarina, iliminsa ne. Kafin mu tashi an share ɓarɓashin ƙarfe tas, an shafa firama ta efoksi a duk inda ƙarfe ya fito tsirara, don ɓarɓashin da ya kwana a kan fenti gobe tsatsa ne.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau ce ranar da aikin ya dogara a kanta.

Kusoshi takwas za su riƙe mashigar, masu kaurin milimita 6, waɗanda makanikai ke kira lamba 10 saboda sifanar da ke kama notinsu. Ba za su ratsa faiban su fito sama ba. Baba ya yi wa kan kowace kusa walda da ɗan faranti mai faɗin santimita 3, aka huda farantin ƙanana-ƙanana don gam ya ratsa ya riƙe ta sama da ƙasa.

Ramukan bonet na yi su milimita 9, wato sun fi kusar faɗi da gangan. Wannan ratar ita ce filin da faiba zai miƙe ya dawo ba tare da ya ja ƙarfe ba. Don kusar ta zauna a tsakiyar raminta, na naɗa wa kowacce tef har ta cika ramin, na zura su, farantansu suna sama. Na karce cikin leɓen mashigar da samfefa mai lamba 80, na ɗora gam ɗin efoksi a kan kowane faranti, muka sauke mashigar a kan layinta muka danne da yashi. Ta haka kusoshin da kansu suka sami mazauninsu, babu zancen a liƙa tukuna a zo ana neman rami ya dace. Da gam ya kama muka ɗaga, na rufe kowane faranti da falle biyu na tabarmar faiba.

A nan hunturu ya sa baki. Rezin ba ya son sanyi, ƙasa da digiri 15 sai ya yi ta danƙo ya ƙi bushewa. Masu gaggawa sai su antaya hadna, sinadarin da ke sa rezin ya daskare, ya yi zafi ya bushe da wuri, ya zama mai saurin karyewa. Ƙa'idarsa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, da sirinji nake aunawa, na kuma jira hantsi ya ɗaga. Hadnar nan ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum. Na sa tabarau, na sa wa yaron Baba, ya ce, "Yallaɓai, mun saba." Na ce ido ba ya sabawa da wannan, ya saka.

Sai ratar kusurwar baya. Zafin ranar da mashigar ta sha ya rage ta, amma ba ta rufe ba. Jan ta da noti shi ne abin da bai kamata ba, faiban zai zauna cikin ɗauri har ya tsage. Maimakon haka bonet ɗin muka mayar mazubi. Na shimfiɗa masa tef ɗin kwali mai sulɓi, na shafa kaki, na cika ƙasan leɓen mashigar da fila mai gashin faiba, muka kifa ta muka danna har filar ta fito ta gefe. Akwai ɗan lokaci da fila ke kamawa amma ba ta yi tauri ba, kamar cukwi, a lokacin na bi gefen da wuƙa na yanke abin da ya fito. Da ta bushe muka ɗaga, ƙasan leɓen ya ɗauki doron bonet ɗin sak. Fila tana jikin faiba kaɗai, ba ta riƙe ƙarfe ko ta ina ba.

Ƙurar faiba tana da ƙaiƙayi. Takunkumi da riga mai dogon hannu, in an gama a fara wanke hannu da ruwan sanyi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma na safe. Mai ƙera akwatunan kwano a Panteka ya yi min farantin da falle na alminiyam bisa samfurin kwalin da na kai masa. A jikin mota aka ɗaure shi, ba a jikin inji ba, tiyo mai lanƙwasa shi zai shanye rawar injin. Bakinsa na sama na zagaye shi da soson roba mai jure zafi, in bonet ya rufe sai ya matse shi. Don in tabbatar ya kama ko'ina, na shafa alli a soson na rufe, na duba sawun a cikin bonet, da'irar ta cika ba yankewa.

Ruwa shi ne babban abin tsoro, domin ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda da yawa sai ya lanƙwasa sandar fistin. Gindin farantin ya gangara zuwa kusurwa ɗaya inda siririn tiyo ke zubarwa ƙasa, nesa da distiributa da salansa. Mafitar iskar kuwa a gefe take, ta ɗaga daga gindin, ruwa sai ya taru sosai kafin ya kai gare ta. Matatar iska ta asali tana nan yadda take, tiyon a bakinta ya shiga. A bakin mashigar na sa raga saboda ganye da leda da ƙwari.

Asabar, 22 ga Maris

Firama ta tona ƙananan ramuka a fatar faiban, masu kama da sawun allura, galibi a kusurwoyi. Fenti ba ya cike su, gefensu yake bi ya bar su a buɗe. Ɗaya bayan ɗaya aka cusa musu siririyar fila da reza, aka goge, aka sake fesawa, aka yi yayyafin baƙin fenti a sama aka bi da samfefa a kan katako. Duk inda baƙi ya rage, kwari ne.

Abokai suna ta cewa a yi mata baƙi kamar bonet ɗin Mach 1. Yana da kyau a hoto. Amma baƙi ya fi shan zafin rana, ni kuwa duk aikin nan zafi nake gudu, don haka ruwan madarar jikin motar za ta sha. An fesa bonet daban, mashiga daban, ciki da waje, har cikin ramukan kusoshi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan Sallah fenti ya yi ƙwari, muka haɗa. Siririyar roba a ƙarƙashin leɓen don kada faiba ya ci fenti. Ta ciki kowace kusa ta samu washa ta roba, sannan faffaɗar washa ta ƙarfe, sannan noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Na fara ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, da 'yar ƙaramar sifana a yatsa biyu, ina tsayawa da zarar robar ta fara bajewa. In aka wuce haka, fatar faiba tana yin tsaga mai siffar tauraro a saman kusar.

Na zauna a kujerar direba, ba ta tare min hanya ba. Layin mahaɗar yana nan a fili, siriri, daidai ko'ina. Ni a idona ya yi kyau, ya nuna abu ne da aka ɗora da niyya aka kuma daidaita shi. Baba ya zagaya motar ya shafa gefen da yatsa, ya ce, "Ta zauna."

Asabar, 19 ga Afrilu

Yaron Baba ya hau rufi ya sauko da gwajin. Daga nesa lafiya lau. Da aka karkata shi ga rana sai ga layin mahaɗar ya fito a fenti daga wannan kai zuwa wancan, a ƙarshe ɗaya kuma ya buɗe, farce yana kamawa. Bai hau hanya ba, bai ji girgizar inji ba, rana da dare kawai ya sha. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce zai ajiye shi a shago ya riƙa nuna wa masu zuwa da irin wannan buƙata.

Da azahar na fita gwaji da ma'aunin zafi na kicin mai dogon tsinke a bakin matatar iska. A inuwa ya nuna digiri 38. Da na cire tiyon na toshe farantin, inji yana shan iskar ɗakinsa, ya hau 58. Da na mayar da tiyon, a hanya ɗaya da gudu ɗaya, ya tsaya wajen 42. Allurar zafin ruwa ba ta motsa daga inda ta saba ba, alamar soson ya kama, lagireto bai rasa iskarsa ba. A ƙafa ina jin motar ba ta yin sanyin jikin da ta saba yi da tsakar rana, iyakar abin ke nan.

Abu ɗaya bai canza ba. In na kashe ta da zafi na dawo bayan ɗan lokaci, sai ta yi ta juyi kafin ta tashi. Wannan fetur ne ke tafasa a cikin kwanon kafireto saboda zafin da ke hawowa daga inji bayan an kashe, mashigar iska ba ta da hannu a ciki. Maganinsa faifai mai hana zafi a ƙarƙashin kafireto, aiki ne na daban.

Asabar, 10 ga Mayu

Ruwa mai ƙarfi ya same ni a hanya, na tuƙa a cikinsa har gida. Na buɗe bonet nan take. Gindin farantin a jiƙe, siririn tiyon yana ɗiga, cikin babban tiyon a bushe, matatar iska ma a bushe.

Kusa ɗaya ta baya ta nuna ɗigon ruwa a washarta, ruwan yana bin ƙarƙashin robar ne ya gangaro ramin. Na kwance notin, na naɗa wa gindin kusar baƙin danƙon da ake sa wa fitilun mota, wanda ba ya bushewa, na yi wa sauran bakwai ɗin haka. Silikon ban sa ba, yana ɓata fenti in an zo gyara, wani irinsa kuma yana jawo tsatsa. Biyu daga cikin notocin sun ɗan saki saboda roba ta kwanta, na ƙara musu kwatan juyi. Babu tsaga a faiba, babu sawun gogayya a fenti.

Saura murfin hunturu. Ƙurar Disamba ba zan bar ta ta shiga kai tsaye ba, matata za ta toshe cikin ɗan lokaci. Na ɗauki samfurin bakin da kwali, mai akwatuna zai yanko falle da zai shiga bayan ragar da sukurori biyu, tiyon kuma a cire shi a lokacin, tunda iskar hunturu da sanyinta take zuwa. Faifan kafireto na ba da a nemo min, in ya samu da shi zan buɗe shafi na gaba.